Lambun hunturu a tsakar gida da ɗaukar hotonsa da waya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne latas, karas, kabeji da lansir suke jin daɗin Kano, domin zafin Maris na shigowa latas zai yi tsiri ya koma ɗaci. Ni a tsofaffin buhunan siminti nake shuka. Ina haɗa jar ƙasa, yashi da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, in huda gindin buhun don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Karas ba ya son dashe, a inda zai girma za ka yafa irinsa, in ya fito ka rage cunkoso. Latas da kabeji kuwa reno ake yi, sai sun yi ganye huɗu a dasa su da yamma. Ban ruwa safe da yamma, domin iskar hunturu tana busar da buhu da wuri. In darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye, ta kama kabeji, jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, ka tace ka fesa har bayan ganye.

Hoton shuka da ƙwarin da ke kanta kuma da sassafe nake ɗauka, lokacin da hazo ya tausasa hasken rana, ƙwari kuma sanyi ya hana su kuzari. Fara goge gilashin kyamara, ƙurar hunturu ba ta raga masa. Kada ka janyo hoton da yatsu, kai za ka matsa kusa har ya rage kamar taƙi ɗaya. Taɓa allon daidai idon ƙwaron, ka kafa gwiwar hannu a ƙasa, ka jira iska ta lafa sannan ka danna.