Yadda nake zaɓen tocilar da jikinta ba ya saurin karcewa

Aikin gadi nake yi a Sakkwato, tocila kuwa abokiyar hira ta ce da dare. Idan na shiga Babbar Kasuwa, jikinta nake fara dubawa kafin haskenta.

Mai fenti a kan alminiyum kyawun ɗan maciji gare ta. Sati biyu a aljihu ɗaya da makullai, sai ka ga farin ƙarfe ya leƙo ta gefe-gefe. Nemi wadda aka rubuta HA III a kwalinta. Ba shafe ba ne, fatar alminiyum ɗin kanta aka taurara da lantarki, shi ya sa ba ta ɓarewa kamar fenti. Launinta yakan zo a dushe, babu sheƙi. Duba bakin kanta da gindinta, can karce ke fara bayyana.

Ta roba tana karcewa, amma launinta ɗaya ciki da waje, ba a gani sosai.

Lokacin hunturu kada ka goge ta da busasshen tsumma. Ƙurar nan akwai yashi a cikinta, ita ta ɓata min gilashin tocilata ta farko. Hure ƙurar tukuna, sannan ka sa tsumma mai danshi. Makullai kuma su koma ɗaya aljihun.