Yadda za ka gane darajar haƙƙin mai da gas da ka gada a Amurka

A Najeriya wannan magana ba ta tasowa, domin sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk wani mai, gas da ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Amurka ta sha bamban. A can mutum na iya mallakar abin da ke cikin ƙasa, ya sayar da gonar da ke sama ya riƙe na ƙasan, in ya rasu magada su gaje shi. 'Yan'uwanmu da suka yi aure ko suka haihu a Texas, Oklahoma ko Dakota ta Arewa sukan wayi gari da irin wannan gado ba su san kansa ba. Sau da yawa abin da ke fara sanar da su shi ne wasiƙar wani kamfani mai neman saye, da adadin kuɗi a rubuce da wa'adin kwanaki kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza. Ajiye wasiƙar a aljihun tebur tukuna, ka bi waɗannan matakai.

Na farko, tabbatar da abin da ka gada. Takardun mallaka suna ofishin magatakardan gundumar da filin yake, ba inda mamacin ya zauna ba. Nemi takardar da ta kawo haƙƙin hannun mamacin, ka karanta ko cikakken haƙƙin ma'adini ne, wanda ke ba ka ikon ba kamfani haya da karɓar kuɗin sa hannu, ko kuwa kaso ne kawai daga abin da aka haƙo. Farashinsu ba ɗaya ba ne. Sai a mayar da shi sunanka ta hanyar kotun gado, kuma idan mamacin ya rasu a wata jiha, galibi sai an sake bi ta kotun jihar da filin yake. A Texas akan yi amfani da takardar rantsuwar magada idan babu wasiyya. Kafin a gama wannan, kamfanin da ke haƙa yakan riƙe kuɗin a wurinsa, in ya daɗe ya miƙa wa jiha, don haka duba rajistar dukiyar da ba a karɓa ba da sunan mamacin. Kada kuma ka yi sakaci da lokaci: a Louisiana haƙƙin yana faɗuwa bayan shekara 10 ba a yi amfani da shi ba, a Dakota ta Arewa da Ohio mai filin sama na iya neman ƙwace shi bayan shekara 20.

Na biyu, fitar da kasonka da alƙalami. A ganina nan ne gadon yake, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ga misali. Mahaifinku ya bar eka 80, 'ya'ya huɗu suka raba daidai, naka ya zama eka 20. Kamfani ya haɗa filaye ya yi yankin rijiya mai eka 640. Yarjejeniyar haya ta ce mai haƙƙi zai karɓi 3 cikin 16 na abin da aka sayar. Raba 20 da 640, ka samu 0.03125. Ninka da 0.1875, wato 3 cikin 16 ɗin nan, ka samu 0.005859. Wannan 'yar lamba ita ce rabonka a kowace ganga. Idan rijiyar ta ba da ganga 6,000 a wata, aka sayar dala 70 kowace, an samu dala 420,000, naka kuma wajen dala 2,460 kafin a cire haraji. Kamfanin zai aiko maka da takardar rabon kaso ka sa hannu. Ɗora lambar da ke ciki kusa da wadda ka fitar. In sun saɓa, tambayi dalili a rubuce kafin ka sa hannu. Tsofaffin yarjejeniyoyi sun fi ba da 1 cikin 8, na baya-bayan nan kuwa a wurare masu albarka sukan kai 1 cikin 5 ko 1 cikin 4.

Na uku, tattara takardun biyan kuɗi na aƙalla shekara ɗaya. A jikinsu za ka ga sunan rijiya, yawan ganga, farashi, da abin da aka zaftare. Texas na cire kashi 4.6 cikin ɗari a kan mai, kashi 7.5 a kan gas. Wasu kamfanoni kuma suna cire kuɗin tacewa da jigila, kuma yarjejeniyar haya ce ke faɗin ko suna da wannan iko. Gwada alƙaluman da na hukuma. A Texas, Hukumar Jiragen Ƙasa ce ke sa ido a kan mai da gas, duk da sunanta, kuma tana wallafa abin da ake haƙowa kyauta a intanet.

Na huɗu, duba shekarun rijiyar. Masu saye suna da lissafin kasuwa da suka saba: kuɗin wata ɗaya sau 36 zuwa 60. A misalinmu, in ka ɗauki dala 2,400 a wata, hakan ya kama daga 86,400 zuwa 144,000. Amma wannan awo ne na ido. Sabuwar rijiyar da aka fasa dutse aka haƙa a kwance, irin ta yankunan mai na Permian (Texas da New Mexico) ko Bakken (Dakota ta Arewa da kewaye), takan zubar da fiye da rabin ƙarfinta a shekarar farko, don haka cekin watan farko yaudara ne. Tsohuwar rijiya mai shekara 30 tana ba da kaɗan, amma tana raguwa a hankali. Farashin ma ba ya zama wuri ɗaya. Ranar 20 ga Afrilu 2020 farashin ɗanyen man Amurka a kasuwar alkawari, inda ake cinikin man da za a kawo nan gaba, ya faɗi ƙasa da sifili. Ɗauki matsakaicin watanni da dama.

Na biyar, leƙa maƙwabta. Wannan shi ne abin da mai wasiƙar nan ya sani kai ba ka sani ba. A taswirar hukumar, duba ko an ba da izinin sabbin rijiyoyi a yankinka ko kusa da shi. A Permian duwatsun da ke ɗauke da mai hawa-hawa ne, fili ɗaya na iya ɗaukar rijiyoyi da yawa a zurfi daban-daban. Haƙƙin da ke kawo dala 200 yau zai iya zama wani abu dabam idan aka fara haƙa biyu ko uku. Sayarwa ba tare da duba wannan ba cinikin biri a sama ne, kuma kai ne ba ka ga birin ba. Idan kuwa babu rijiya, babu haya, babu mai haƙa kusa, ka yarda darajarsa kaɗan ce.

Na ƙarshe, sa injiniyan mai ko ƙwararren mai kimantawa ya rubuta maka darajar haƙƙin a ranar da mamacin ya rasu. Dokar harajin Amurka tana ɗaukar wannan adadi a matsayin uwar kuɗinka, sai abin da ya hau kansa ne za a caje ka harajin riba idan ka sayar. Ko ba ka da niyyar sayarwa yanzu, yi wannan da wuri, domin bayan shekara goma haɗa hujjojin yakan yi wuya. Da wannan takarda a hannu sai ka ciro wasiƙar daga aljihun tebur, ka nemi tayi daga masu saye biyu ko uku, ka kuma ba lauyan da ya san harkar mai a wannan jiha ya karanta takardar sayarwar, musamman layin da ke cewa ka sayar da duk abin da ka mallaka a gundumar, alhali eka 20 kawai kuka yi ciniki.