Yadda Ake Daidaita Murɗin Bututun Bindiga Da Harsashi

Idan ka leƙa cikin bututun bindigar raifil za ka ga tsagi-tsagi sun murɗe daga gindi har baki. Su ke sa harsashi ya fita yana juyawa, juyin nan kuwa shi ke tsayar da shi a iska, kamar yadda katantanwa ke tsayuwa muddin tana juyi. Mai lasisin farauta ko mai wasan harbi yana bukatar sanin wannan kafin ya sayi harsashi.

Da farko, gano murɗin bututunka. Ana rubuta shi kamar 1:12, wato harsashi na yin juyi ɗaya cikin inci 12. Saboda haka 1:8 ya fi 1:12 sauri. Wasu kamfanoni kan buga lambar a jikin bututu. In babu, tabbatar bindigar ba komai a cikinta, ka cusa sandar goge bututu da ƙyalle mai kamawa sosai, ka manna alama a jikin sandar ta ɓangaren sama. Tura a hankali, ka bar ta ta juya da kanta. Idan alamar ta dawo sama, auna tsawon da sandar ta shiga. Murɗinka ke nan.

Na biyu, auna tsawon harsashin, ƙwayar kaɗai ban da kwanso. A nan mutane da yawa ke kuskure: nauyi suke dubawa, alhali tsawo ne ya fi tasiri. Harsashin zallar tagulla ya fi na dalma tsawo ko da nauyinsu ɗaya, don haka yana neman murɗi mai sauri.

Sai lissafi. A 1879 wani malamin lissafi a Ingila, Alfred George Greenhill, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake amfani da ita: ninka kaurin harsashi da kansa, ninka da 150, raba da tsawonsa, duka a inci. Ɗauki harsashi mai kauri 0.308 da tsawo 1.2. Amsar ta kusa 12, wato 1:12 ya ishe shi. Idan gudunsa ya haura ƙafa 2,800 a daƙiƙa, sa 180 a madadin 150. Ƙa'idar Don Miller ta 2005 ta fi dacewa da dogayen harsasan zamani; ita maki take bayarwa, ƙasa da 1.0 harsashi ba zai tsaya ba, 1.5 kuwa shi ake so.

Kada ka manta da yanayi. Iska mai sanyi ta fi kauri, tana kuma kifar da harsashin da juyinsa bai isa ba. Sojojin Amurka sun gamu da haka: bindigarsu M16 ta farko 1:14 ce, gwaji a tsananin sanyi ya sa aka koma 1:12, daga baya M16A2 ta zo da 1:7 saboda harsasai masu tsawo.

A ƙarshe je filin harbi da aka amince da shi, ka gwada a takarda. Rami zagayayye alama ce mai kyau. Rami mai tsawo na nufin harsashin ya iso a karkace, sai ka nemi gajere. A ganina gara murɗi ya ɗan yi yawa da ya gaza, sai dai harsashi mai siririn ɓawo na iya tarwatsewa a iska idan juyin ya wuce kima, domin ko a 1:12, mai gudun ƙafa 3,000 a daƙiƙa yana juyi 180,000 a minti ɗaya.