Ku daina lalata zanen da kuka saya da kuɗinku

Matasan Damagaram da suka fara tara zanen bugu, irin wanda mai zane ke fitar da adadi ƙayyadadde ya sa wa kowane hannu, ɓarna iri ɗaya suke ta yi, har na gaji da faɗa wa kowa shi kaɗai.

Babbar ɓarnar ita ce taɓa farin gefen takarda. A ƙasan wannan gefen ake rubuta lamba da fensir, galibi a hagu, misali 12/50, wato na 12 cikin 50, sa hannu kuma a dama. Kuɗin da ka biya, kaso mai yawa na wannan ɗan farin wurin ne. Wani mai sa hoto a gilashi da na kai wa aiki ya ga takardar ta fi katakonsa faɗi, bai tambaye ni ba ya sa almakashi. Da na zo karɓa har yana murmushi, wai "Alhaji, na gyara maka shi tsaf." Lambar tana ƙasa cikin shara, an raba ta biyu. Ba mai sayen wannan zane yanzu ko da rabin kuɗinsa. Tun daga nan, tsaye nake a kan mai aiki har ya gama, kuma katako ake yankawa daidai da takarda.

Ƙanwar wannan ɓarna ita ce kai zane a liƙe shi cikin leda da injin zafi, kamar takardar haihuwa. Haba jama'a! Ledar nan ba ta fita har abada. Tsoron ƙurar hunturu ne? Sa shi a gilashi, da kwali marar asid a tsakani don kada gilashin ya taɓa tawada. Salatif ma kada ya kusance shi, tabon rawaya yake bari.

Sai jefar da takardar shaida, wadda ke tabbatar da cewa aikin na mai zanen ne da gaske. A wajen masu zanen da tunani ne asalin aikinsu, wannan takarda ba ƙaramin abu ba ce. Sol LeWitt, Ba'amurken da ya rasu a 2007, zanensa na bango wasu ne ke zanawa bisa umarninsa. Abin da mai saye ke riƙewa shi ne shaidar da ya sa wa hannu. Ni tare da takardun gida nake ajiye shaida da rasiɗi, a cikin akwatin ƙarfe, saboda gara ba ta san tsada ba.

Kada a ruɗe ku da sa hannun da aka buga tare da hoton. Karkata takardar wajen haske: fensir na gaske yana ɗan ƙyalli. In kuma gilashin ƙara girma ya nuna maka ɗige-ɗigen launi a jere reras, galibi fosta ce kawai.

Lamba 1/50 ba ta fi 49/50 kyau ba, kada dillali ya ƙara maka ko dala a kanta. In ka ga E.A. a Faransanci, ko A.P. a Turanci, a wurin lamba, kason mai zanen ne da ba ya cikin lissafi, ba jabu ba ne. Bangon da ranar bazara ke duka koɗar da launi yake yi. Bangon ƙasa irin na gidajen Birni kuwa, da damina sauke zanen nake in kwantar da shi a shimfiɗe, ba a naɗe ba, sai kaka ta shigo.