Kurakuran masu sayen kare a Yamai, da yadda nake kauce musu

Da an ce ɓarawo ya haura katangar wani a unguwa, washegari rabin magidanta sun shiga cigiyar kare. Bayan wata uku kuma sai ka ji ana neman wanda zai karɓe shi kyauta, ko ka gan shi a bola da guntuwar igiya a wuya. Daga Yantala har Talladje, kurakuran dai su ne na bara da bara waccan.

Babbansu shi ne sayen kare da ido. Mutum ya ga hoton wani ƙato mai gashi buzu-buzu a WhatsApp, berje ko husky, sai ya kafe shi wannan yake so. Husky fa karen Siberiya ne, aikinsa na asali jan kaya a kan ƙanƙara. Berje na Jamus gashinsa hawa biyu ne. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 kusan kullum. Kare ba ya gumi irin na mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma idan iskar da yake shaƙa ita ma ta ɗau zafi, hakin ba ya isarsa. Ni wannan ya ci ni. Kuɗin da zai saya mini ragon Layya na zuba a kan kwikwiyon berje, na gina masa ɗaki mai rufin kwano ba ko bishiya a kusa. Wata ranar bazara ruwansa ya ƙare ba wanda ya lura. Da la'asar muka tarar da shi kwance yana dalalar da miyau, kafin mu isa wurin likitan dabbobi ya mutu. Saboda haka idan gidanka ba inuwar bishiya, ba ƙasar da za a riƙa jiƙawa ya kwanta, ka rabu da mai dogon gashi. Kada ka ce mini za ka kunna masa na'urar sanyi. Idan an ɗauke wuta da tsakar rana fa?

Abin takaici, karen da ya dace da ƙasar nan yana nan kusa. Karen Buzaye na yankin Azawak, a arewacin Tawa wajen Abalak da Cintabaradan, tun shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu suna ji da shi, mu muna ce masa ramamme. Siriri ne mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, nauyinsa kilo 15 zuwa 25, kuma ba ya sakin jiki da baƙo. Haƙarƙarinsa da ake gani halittarsa ce, kada ka ɗura masa abinci don ya yi ƙiba. Amma shi ma ba na kowa ba ne: mafarauci ne, yana son gudu, kajinki kuma, Hajiya, sai an tsare su. Wanda filinsa kaɗan ne, ni karen gida na gargajiya nake nuna masa. Yana jure zafi, cinsa da sauƙi, haushinsa kuma ya isa ya tashi gida duka.

Na biyu da ke tayar mini da hankali shi ne maigida ya shigo da kare bai shawarci kowa ba. Malam, kai da safe ka fita, sai dare. Uwargida ce za ta wuni da shi, ita ce za ta yi ta kare tukwanenta da shimfiɗar sallarta. Ka tambaye ta tukuna. Ka tambayi malaminka ma: hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai sun yi magana a kan na gadin gida, gara ka ji kafin ka saya. In kuwa gidan haya kake, tsakar gida ɗaya da maƙwabta, ka haƙura kawai. Kare kan yi shekara goma ko fiye, ba abin da za ka gwada ka ajiye ba ne.

Sai masu ɗaure shi da sarƙa dare da rana wai don ya yi zafi. Zafin da zai yi a kan wa zai sauke? Ɓarawo sau nawa yake zuwa a shekara? Almajiri da ƴar talla da ƴaƴan maƙwabta kuwa kullum suna ƙofarka. Ka ɗauko rottweiler mai kilo 50 wanda ko kai ba ka iya riƙe shi, ka bar wa yaro ɗan shekara goma, ranar da sarƙa ta tsinke me za ka faɗa wa iyayen mutane? Ni nakan saki nawa a tsakar gida da dare, da asuba kuma in zaga da shi kafin ƙasa ta yi zafi.

Allurar haukan kare ba a wasa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ana yi wa kwikwiyo yana wata uku, ni kuma nakan maimaita duk shekara. Mai sayarwa ya ce an yi, ka ce ya nuna karne, wato takardar allura mai hatimin likita. Idan kuma an yi cizo, a wanke da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Sauran ƙanana ne. Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas, kuma ka je ka ga uwar da idonka, don halinta zai nuna maka nasa. Kwikwiyon da ke gudawa da jini kada ka karɓa ko kyauta ne. Ragowar miya mai albasa da yawa tana lalata masa jini, ƙashin kaza dafaffe kuma yana iya huda hanji. Da damina ta faɗi, ka riƙa duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa kowace yamma, a nan kaska ke maƙalewa.