Yadda za ka gane ainihin man da ya rage a tankin ƙaramar motarka

Littafin motata ya ce tankinta lita 35 yake ci. Ranar da fitilar mai ta fara kama mini a hanya, gabana ya faɗi, na kashe na'urar sanyi, na lallaɓa har gidan mai na ce a cika. Famfo ya tsaya a lita 29. Ashe lita shida na kwance a ciki, ni kuwa ina ta haɗa zufa a banza. Tun daga ranar na zauna na koyi halin allurar da ke nuna yawan mai a tanki, domin kowace mota da irin tata.

Ka fara da sanin abin da ke motsa ta. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mara nauyi da ke iyo a saman mai, makanikai suna ce masa fulota, an maƙala shi a bakin wani siririn ƙarfe. Mai ya sauka, fulota ta sauka, ɗaya bakin ƙarfen ya goga a kan wani ɗan allo da ke canza ƙarfin wutar da ke zuwa wurin allura. Wato zurfin mai ake aunawa, ba yawansa ba. Da a ce tankin kamar akwati yake, da zurfin mai da yawansa sun tafi tare. To a ƙaramar mota cusa shi aka yi a ƙarƙashin kujerar baya, ya kauce wa salansa nan, ya kauce wa ƙafar baya can, wani wurin faɗi, wani wurin tsuke. Ga shi kuma in an cika tanki, mai yakan wuce iyakar da fulota ke iya hawa, sai ta tsaya cak a sama har sai an ƙone lita da dama. Shi ya sa allura ke daɗewa a kan F, alamar tanki ya cika, kamar an kafa ta da ƙusa, amma da ta wuce rabi sai ta riƙa gangarowa kana kallo.

Maganin abin, ka auna da kanka. Ka tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, ba gangare ba, a zuba mai har famfo ya katse da kansa karo na farko, kada a ƙara ko ɗigo. Ka mayar da ƙaramin ma'aunin kilomita na gabanka zuwa sifili. Duk sandar da allura ta taɓa, ka rubuta kilomitar da ka ci. Da ta kai rabi, ka koma famfon da ka sha a farko, a sake cikawa har katsewar farko. Tawa ta sha lita 18 bayan kilomita 300. Abu biyu na samu a nan: "rabi" a motata ba lita 17 da rabi ba ne, kuma lita ɗaya tana kai ni kilomita 16 da 'yan kai, tunda 300 aka raba gida 18. Zagaye na gaba sai ka bari har fitila ta kama, ka cika nan take, ka cire abin da ta sha daga adadin da ke cikin littafi. Ragowar shi ne rizab ɗinka.

Kada ka tsaya a gwaji ɗaya. Cunkoso, na'urar sanyi, kaya a but, tayar da iskarta ta ragu, duk suna canza lissafin. Sau uku ya isa ka ga inda abin ya dosa. A lissafe lita shidana za su yi kusan kilomita 100, amma ni 50 nake ɗauka a raina. Dalili kuwa, famfon da ke turo mai zuwa inji a cikin tankin yake, man ne ke sanyaya shi, kuma idan ya yi ƙasa sosai, shan kwana mai kaifi ko hawan tudu kan sa ya zuƙi iska, mota ta yi tari. Lambar nan da wasu motoci ke nunawa ta kilomitar da ta rage ma hasashe ce daga irin tuƙin da ka yi ɗazu. Ka shiga cunkoso, ka ga ta zube.

Sai maganar tankin da ya sha fiye da abin da aka rubuta. Ƙananan motoci galibi tsakanin lita 35 zuwa 45 suke, Kia Picanto 35, Toyota Yaris da yawa 42. Wannan adadi bai haɗa da bututun da mai ke bi ya shiga ba, bai kuma haɗa da sararin da aka bari da gangan a saman tanki don fetur ya samu wurin kumbura in ya ji zafi ba. Mai girgiza mota yana ɗura mata mai har baki, wannan sararin yake cinyewa, kuma man na iya malala cikin gwangwanin gawayin da aka sa don kama tururin fetur, ya lalata shi. Amma idan fitila yanzu ta kama, tankin lita 35 kuma ya haɗiye 38 kafin katsewar farko, ba motarka ce abar tuhuma ba, ka canza gidan mai.

Allura ta ɗan motsa a gangare ko bayan birki, wannan ba ciwo ba ne. Wadda ke tsalle daga rabi zuwa E, alamar mai ya ƙare, ta dawo, ko ta ƙi tashi bayan ka cika, ita ce ke son bakanike. Yawanci allon nan ne ya goge, ko fulota ta huje ta sha mai ta nutse, ko waya ta saki. In ka taɓa buga ƙasan motar a kan dutse ka faɗa masa, domin tankin da ya lotsa yana rage abin da yake ci, yana iya lanƙwasa ƙarfen fulota. A ƙananan motoci da yawa, ɗaga kujerar baya kawai za a yi a tarar da murfin da ake buɗewa a kai ga fulota, ba sai an sauke tanki ba. Ka tabbata ya cire kan batir kafin ya buɗe, kuma babu mai riƙe da sigari a kusa.