Yadda za ka auna bayanin juyin halitta kan faɗa da kisa

Ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam ko na zamantakewa a Jami'ar Bayero zai ci karo da wannan da'awa: wai tsokana da faɗa gado ne, sun ɗore ne saboda sun taimaki mutanen farko wajen samun abinci, matsayi da mata. Ba sai ka yarda da ka'idar Darwin ta juyin halitta ba kafin ka iya auna hujjar masu wannan ra'ayi.

Fara da raba faɗa kashi biyu, kamar yadda masanin halayyar birai Richard Wrangham ya yi. Akwai na zafin rai, irin wanda ke tashi a layin mai ko a tasha, akwai kuma na shiri, wanda aka zauna aka ƙulla. Idan ka cakuɗa su, duk bayaninka zai rikice, domin mutum ya fi birin cimfanzi haƙuri a na farko, amma a na biyu sun yi kama da juna.

Sai ka ba ka'idar haƙƙinta. A littafinsu na 1988, masana halayyar ɗan Adam Martin Daly da Margo Wilson sun nuna cewa a ƙasashe daban-daban yawancin kisa namiji ne ke yi wa namiji, kuma samari sun fi yawa, sau da dama a kan raini ko kishi. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake zargi da kisa maza ne. Duk wanda ya san rikicin daba a Kano ya san shekarun masu yinsa. Nan ne ƙarfin ka'idar yake.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne ɗauko misali guda. Za su kawo yaƙin cimfanzi da mai binciken birai Jane Goodall ta gani a Gombe ta Tanzaniya daga 1974 zuwa 1978, su manta da birin bonobo na Kwango, wanda kusancinsa da mutum daidai yake da na cimfanzi amma ba a san shi da irin wannan kisa ba. Haka ma binciken Napoleon Chagnon na 1988, wanda ya ce mazan ƙabilar Yanomami ta dajin Amazon da suka taɓa kisa sun fi 'ya'ya. An soke shi da cewa bai tace bambancin shekaru da kyau ba, tunda dattijo dama ya fi saurayi 'ya'ya. A 2009 kuma Stephen Beckerman da abokan aikinsa suka sami akasin haka a wajen ƙabilar Waorani ta Ekwado. Kawo duka biyun.

Daga nan ka gwada ta da lokaci. A Ingila ta ƙarni na 13 da 14 ana kashe kimanin mutum 20 cikin kowane dubu 100 a shekara, yau kusan 1 ne. Ƙwayoyin gado ba sa sauyawa da wannan sauri. Kotu, hukuma da tarbiyya ne suka sauya. Yi wa Kano wannan tambaya: me ya sa faɗan daba ke ƙaruwa lokacin zaɓe, kuma ya fi kamari a wasu unguwanni? Amsar tana wajen kuɗin siyasa, ƙwaya da zaman kashe wando.

A rubutunka, kada ka bari "an gaje shi" ta koma "babu laifi" ko "babu magani". Malamin da ke duba takardarka zai ja layi a nan, kuma yana da gaskiya.